Ranar da Tsintsiya ta Share Teku



Shekara goma sha takwas ke nan ina riƙe da alƙalamin Maigida. Ina zama gefen buzunsa a zaure, in rubuta abin da ya faɗa, in karanta masa abin da aka aiko. Duk wanda ya yi wannan aiki a zango ya san yawancin takardun da ke ratsa hannunsa na aure ne, da gado, da rikicin fili. Amma a 'yan shekarun nan wata irin magana ta yawaita a zauren namu, wato ta iyayen da ɗansu ya bar Kumasi, ya bi ta Agadas ya shiga Libiya da niyyar haye teku, daga nan kuma ba a sake jin muryarsa ba. Duk sa'ad da irin wannan uwa ta durƙusa a bakin zaure, sai zuciyata ta koma wani ƙarshen mako na shekarar 1995, lokacin ina ɗalibi a Masar. Ban taɓa ba da labarin nan a fili ba, saboda ni ne mai laifi a cikinsa. Yau zan ba da shi yadda ya faru.

A Kumasi aka haife ni, nesa da teku. Ruwan da muka sani muna yara bai wuce na sama ba, sai rafin Aboabo, sai tafkin Bosomtwe da akan kai mu kallo. Na yi karatun allo, na sauke, na shiga littattafai: Ahalari, Ishmawi, Risala, Ajurumiyya. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar na san hukuncin ruwan teku, cewa mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma abin da ya mutu a cikinsa halal ne. Amma ban ga teku da idona ba sai ranar da na je Ankara zan hau jirgin sama zuwa Alƙahira. A ranar ma daga nesa na hango shi. Wani ya gaya mini masuntan wurin ba sa fita kamun kifi ranar Talata, na yi murmushi na ce a raina, camfi.

A Alƙahira an sauke mu a Madinatul Bu'us, unguwar da Azhar ta gina wa ɗalibai baƙi a wajen Abbasiyya. Can za ka ga ɗan Indonesiya da ɗan Senegal da ɗan Turkiyya suna layin karɓar abinci ɗaya. Mu masu jin Hausa kuwa harshe ya haɗa mu, ba a tambayar fasfo. Mu huɗu muka fi shaƙuwa: ni, da wani ɗan Kano mai barkwanci, da wani ɗan Garwa ta Kamaru wanda ya girma a bakin kogin Binuwai, da wani yaro ɗan Damagaram mai shekara goma sha tara, wanda bai fi wata uku da zuwa ba. Wansa da ya gama karatu ya koma gida, ni ya damƙa wa hannunsa a tashar mota, ya ce: "Malam, ga amana." Na ce na karɓa.

A tsakiyar Nuwamba, da ɗan kuɗin da ake ba ɗalibai na wata ya fito, sai ɗan Kano ya ce abin kunya ne mutum ya shekara biyu a Masar bai taɓa jiƙa ƙafarsa a Bahar Rum ba. Muka haɗa abin da ke aljihunmu. Ranar Alhamis bayan asuba muka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis, a taragon talakawa, inda ake zama da kwandunan kaji da buhunan albasa. Tsakanin Alƙahira da Iskandariyya ɗan fiye da kilomita 200 ne, hanyar kuma ta ratsa gonakin da Nilu ke shayarwa, ta Banha da Tanta da Damanhur. Ko'ina ka duba kore ne shar, da dabinai, da ɓaunan gida suna kwance a gefen magudanai.

Da muka sauka, ziyara muka fara yi, kamar yadda ya kamaci almajirai. Muka je masallacin Abul Abbas Almursi, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali, wanda aka haifa a Andalus ya rasu a Iskandariyya. Dab da shi akwai masallacin Imamu Busiri mai Burda. Na tsaya a wurin ina tuna daren Mauludi a zangonmu, yadda tsofaffi ke rera baitocinsa har gari ya waye, alhali ba ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa sanin cewa kabarin mutumin yana jin ƙarar teku dare da rana. Daga nan muka taka har ganuwar Ƙaitabai, wadda sarkin Mamluka ya fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar nan da ke haska wa jiragen ruwa hanya a zamanin da. Muka hau can sama. Nan ne na fara ganin teku ido da ido. Ruwa ne shuɗi har iyakar ganin ido, iska mai gishiri tana kaɗa mana jallabiya. Yaron Damagaram ya riƙe hannuna ya ce: "Yaya, ashe haka duniya take?"

Muka sauko muka tuɓe takalma muka bi duwatsun gaɓa. Muka yi tsere a kan rairayi, muka tsinci ƙosassun katantanwa, ɗan Garwa ya ari ƙugiya wurin wasu yara ya kama kifi biyu ƙanana. Muka yi alwala da ruwan teku don dai mu aikata abin da muka karanta, gishiri ya shiga idon ɗan Kano ya yi ta kuka muna dariya. Har yau in na rufe ido ina jin daɗin wannan yammaci.

Da la'asar sakaliya muka isa Anfushi, unguwar masunta da masu sassaƙa jirage. Wani tsoho na zaune kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin taru, da wata baƙar hula irin tasu a kansa. Ni na fi su Larabci, don haka ni na yi magana. Na ce: "Ya Hajji, baƙi ne mu, ɗaliban Azhar. Muna so gobe da hantsi ka fita da mu cikin teku, za mu biya." Ya ɗaga kai ya dube mu, ya dubi sama ta wajen arewa maso yamma, ya ce: "Marhaban da ku, ya Maulana. Yau in kuna so in zagaya da ku cikin mashigin nan, kyauta ma. Gobe kuwa ba mai fita. Maknasa na bakin ƙofa."

Maknasa da Larabci tsintsiya ke nan. Ya bayyana mana cewa mutanen Iskandariyya suna da lissafin guguwowin hunturu, kowace ana kiranta nawwa, kowace da sunanta da kwanakinta. Akwai Maknasa a tsakiyar Nuwamba, wadda suka ce tana share teku. Akwai Ƙasim a Disamba, akwai Faida babba da Giɗas da Karam a tsakiyar sanyi, har zuwa Awwa a ƙarshen Maris, wadda bayanta sai sanyi ya yi sallama. Da watannin Ƙibɗawa suke ƙirga su, irin waɗanda manoman Masar ke shuka da girbi da su. Ya ce watan Hatur ya riga ya kama, takan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu, amma da wuya ta ƙi zuwa.

Na dubi sama, ba ko ɗigon gajimare. Sai girman kai irin na ɗalibin da ya haddace 'yan baitocin Alfiyya ya motsa mini. Na ce masa: "Ya Hajji, sanin gobe sai Allah. Wannan ai duba ne." Wallahi haka na faɗa wa mutumin da ya haifi ubana. Bai yi fushi ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa ya ce: "Gaskiya ne, ya Shehi. Allah ne ke aiko ta. Mu dai mun lura da lokacin da ya saba aiko ta." Ɗan Garwa ya ja ni gefe ya ce da Hausa: "Ustaz, mu ji maganar tsohon nan. A wurinmu ma in masunci ya ce kada a shiga, ba a shiga." Na ce masa ai kogi daban, tsoro daban.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne kakana, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, da taurari yake sanin lokacin tashin ayari, kuma ba wanda ya taɓa kiransa boka. Manomi ma yakan dubi sama ya ce ruwan nan ba na shuka ba ne. Duk wannan lura ce da al'adar da Allah ya gudanar a kan halittarsa. Na san bambancin a littafi sarai. Da na gamu da shi a bakin wanda bai iya karatu ba, sai na kasa gane shi.

Muka kwana a wani ɗan masauki mai arha kusa da tasha. Da safe rana ta fito fes, na ce musu: "Kun gani?" Tun da Anfushi sun ƙi, sai na kawo shawarar mu tafi Rashid, kimanin kilomita 65 gabas da Iskandariyya, mu ga inda Nilu ke shiga teku. Arewa da Alƙahira kaɗan kogin ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Dimyaɗ, ɗaya ya nufi Rashid. Muka shiga ƙaramar bas, kafin azahar mun isa. Gari ne na dabino da tsofaffin benaye na jan bulo da baƙi tun zamanin Turkawa. A wata ganuwa da ke arewa da garin ne sojojin Faransa suka tsinci dutsen nan a 1799, wanda da shi aka gane rubutun Fir'aunoni, yanzu kuma yana Landan.

Muka shiga masallaci don Juma'a. Kafin liman ya hau mumbari, mai karatu yana karanta Suratul Kahfi da murya mai sanyi, ya zo kan ƙissar Annabi Musa, alaihis salamu, da ya yi tafiya zuwa mahaɗar ruwa biyu don ya koyi ilmi wurin wani bawan Allah, har suka hau jirgi. Ina zaune ina jin daɗin ƙira'ar, ina lura da maddi da gunna. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa Annabi guda, mai littafi, ya yarda akwai abin da wani ya sani shi bai sani ba.

Bayan salla muka gangara bakin kogi. Jirage da yawa a ɗaure. Mutum biyu muka tambaya, duk suka ce za su kai mu kudu wajen masallacin Abu Mandur, amma bakin teku a'a. Sai wani saurayi da bai wuce shekara goma sha bakwai ba ya biyo mu. Ya ce fam goma. Da ya ji bakin teku muke so, ya yi shiru ya dubi sama. Na ce fam ashirin. Ya sake yin shiru. Na ciro kuɗin na nuna masa. Ya waiga hagu da dama, ya ce mu shiga da sauri.

Kwalekwale ne na katako mai ƙaramin inji. Farkon tafiyar daɗi ne zalla. Kogin shimfiɗe, dabinai a gaɓa biyu, fararen tsuntsaye na bin mu, ga wuraren da ake ƙera manyan jiragen kamun kifi, haƙarƙarinsu na katako a tsaye. Muka wuce ganuwar dutsen nan. Ɗan Kano yana ta waƙe-waƙe. Can sai na lura duk jiragen da muke gamuwa da su shigowa suke yi, mu kaɗai muke fita. Wani matuƙi ya ɗaga mana hannu yana ihu, iska ta ɗauke maganarsa.

Wurin da kogi ke gamuwa da teku suna kiransa bugaz. Daga baya na fahimci dalilin da ya sa masu jirage ke tsoronsa tun zamanin da. Rairayi ya taru a bakin kogin ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa, wurin ba zurfi. Ruwan kogi na turowa waje, iskar arewa na turo raƙuman teku ciki. In suka yi karo a kan wannan tudu, sai raƙuman su miƙe tsaye, gajeru, kusa da juna, ba irin masu tsawon nan da jirgi ke hawa ya sauka a hankali ba. Muna isa wurin sai hasken rana ya dushe kamar an ja labule. Na duba arewa maso yamma, inda tsohon nan ya duba jiya, na ga hadari baƙi ƙirin ya tokare da ruwa.

Saurayin ya ce za mu juya. Juyawar ce masifa, domin dole kwalekwale ya ba raƙumi gefensa na ɗan lokaci. Na farko ya ɗaga mu ya yar. Na biyu ya faɗo mana ciki, ruwa har gwiwa, inji ya yi tari ya mutu. Saurayin ya yi ta jan igiyar injin yana kuka yana kiran uwarsa. Ruwan sama ya kece. A nan ɗan Garwa ya nuna ɗan kogi ne. Ya fizgi matuƙi guda, ya daka mana tsawa da Hausa: "Kowa ya zauna a ƙasa! Kada wanda ya miƙe! Ustaz, kwashe ruwa!" Ya yi ta fama yana juya hancin kwalekwalen ya fuskanci raƙuman. Ni da ɗan Kano muna kwasar ruwa, shi da yankakken galan, ni da hulata.

Yaron Damagaram bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba. Tsoro ya sa ya miƙe. Raƙumi ya buge shi, rabin jikinsa ya fita waje. Na cafko wuyan jallabiyarsa, na ji yadin yana yagewa a hannuna, na saki na kama gashin kansa da kunnensa na jawo shi. Ya faɗo kaina yana amai. A wannan lokaci ba abin da nake gani sai fuskar wansa a tashar mota, da wasiƙar da zan rubuta Damagaram. Na ma fara tsara kalmominta a raina, Allah shi ne shaida. Duk addu'o'in da na haddace suka tsere, ba abin da ya rage a bakina sai Ya Laɗifu.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, wataƙila bai kai rabin sa'a ba. Wani babban jirgin masunta da ya makara a teku ya shigo yana gudun hadarin, suka hango mu. Sau uku suna jefo igiya kafin ɗan Garwa ya kama ya ɗaure. Suka ja mu har cikin kogi, inda ruwa ya lafa.

A gaɓa mahaifin saurayin na tsaye cikin ruwan sama. Ashe kwalekwalen nasa ne, ɗan ya ɗauka bai sani ba. Ya kwaɗa masa mari, sannan ya rungume shi. Ya juyo gare mu, na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Sai ya kai mu gidansa, matarsa ta ba mu busassun tufafi da shayi mai zafi da shinkafa da kifi. Muna ci ya tambayi ɗansa nawa muka ba shi. Ya karɓi fam ashirin ɗin, jiƙaƙƙu, ya ajiye a gabana ya ce: "Ya Shehi, yaron nan ya san Maknasa tun yana goye. Kuɗinka ne ya mantar da shi." Na rantse ba zan karɓa ba, ya rantse ba za su kwana a gidansa ba. Nasa rantsuwar ta yi nasara.

A gidansa muka kwana, iska na jijjiga tagogi har asuba. Ya ba mu labarin yadda sana'arsu ta lalace tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970. Laka mai albarka da Nilu ke kawowa ta daina isowa, kifin sardin da ke bin ta ya ragu ƙwarai, teku kuma ya shiga cin gaɓar Rashid. Na gane ashe fam ashirin ba ƙaramin abu ba ne a wannan gida, kuma da wannan rauni na yi amfani.

Ranar Asabar muka koma Alƙahira. A jirgin ƙasa ba wanda ya yi barkwanci. Mun ratsa ta Iskandariyya, tsakaninmu da Anfushi tafiyar 'yan mintuna ce, amma kunya ta hana ni zuwa in ce wa tsohon nan ya yafe mini. Na ce sai wani zuwan. Har na gama karatu na dawo gida ban koma ba. Yanzu kuwa tabbas ƙasa ta rufe masa ido, ga shi ko sunansa ban tambaya ba.

A watan Satumba na 2016 ina zaune a zaure na ji a rediyo cewa wani jirgi maƙare da masu neman tsallakawa Turai ya kife a tekun da ke gaban Rashid, an tsamo gawa fiye da 200. Masuntan yankin suna cikin waɗanda suka fara kai ɗauki. Maigida ya ga na ajiye alƙalami, ya ce: "Malam, lafiya?" Na ce: "Ranka ya daɗe, na san ruwan nan." A ranar na ba shi wannan labari, shi kaɗai.

Tun daga lokacin, in saurayi ya zo zaure neman takarda na fahimci hanyar Libiya ya nufa, Maigida yakan ce in keɓe da shi. Ba na yi masa wa'azi, domin na san abin da ke korarsa: ba aiki, ga uwa ta tsufa, ga sa'o'insa na turo hotuna daga Italiya. Abin da nake gaya masa shi ne, a kowace gaɓa zai sami mutum iri biyu. Akwai wanda zai ce masa yau ba a shiga, ya rasa kuɗinsa a kan haka. Akwai kuma wanda zai yi shiru ya dubi sama, sannan ya miƙo hannu. Dukansu sun san ruwan. Mu da muka shiga da injin da ke aiki, mu biyar kacal, a bakin kogi, muna hango dabinai, da ƙyar muka fita. Wasu sukan saurara su fasa. Wasu sukan yi godiya su tafi, in bi su da addu'a, in rubuta sunan uwarsu da lambar wayarta a littafin zaure.

Yaron Damagaram yanzu babban malami ne mai almajirai. Duk Sallah yakan kira ni, kuma bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai ya ce cikin raha har yanzu kunnensa na hagu ya fi na dama tsawo. Ni kuma duk Juma'ar da aka karanta Kahfi aka zo kan jirgin nan, nakan yi wa wani tsohon masunci na Anfushi addu'a. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya taya ni da Fatiha guda gare shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mana 'ya'yanmu a tudu da ruwa, ya dawo da na nesa gida lafiya. Amin.